Rawayar Alama a Bayan Tumakin Borghild

Tveitlia, 12 ga Oktoba, 1976

Zuwa ga ƙanena Torleiv,

Gaisuwa mai yawa, da fatan takardar nan za ta same ka lafiya a duk tashar da jirginku ya tsaya. Yaya ciwon bayan nan naka? Ni lafiyata ƙalau, in ban da gwiwar hagu da ke yi mini ƙorafi duk sa'ad da zan sauka wurin tumaki. An sauko da su daga kan dutse makon jiya, ashirin da uku cif, ko ɗaya ba ta ɓata ba.

To, nemi wuri ka zauna kafin ka karanta abin da ke gaba. Yayarka ta ci jarrabawar tuƙi. Ni ɗin nan, Borghild, mai shekara sittin da huɗu, wadda ka taɓa cewa ko baro ba ta iya turawa a miƙe ba. Lasin yana cikin aljihun kwat ɗina ta zuwa coci, kuma daga ranar Alhamis zuwa yau na ciro shi na duba ya fi sau talatin. Hoton bai yi kyau ba, na fito kamar wadda aka kama tana satar dankali, amma sunana ne a jiki.

Ka san tun rasuwar maigidana Ingvald bara, ɗana Halvard ba shi da zance sai na Bergen. Ya ce mace ita kaɗai a kan dutse, kilomita bakwai tsakaninta da kanti da likita, ba mai kai ta ba mai dawo da ita, wannan ba zama ba ne. Da ya zo hutun Ista sai ya yanke magana: in ya dawo Kirsimeti zai zo da takardun wani ɗaki a unguwarsu in sa hannu, da ƙanƙara ta narke a sayar da tumaki a rufe gida. Ina raka shi na dawo na shiga neman makarantar tuƙi. Wata biyar ina hawa bas zuwa gari duk Talata da Alhamis, ina gaya wa mutane gashin gwiwa nake zuwa. Karon farko na faɗi, don na bi ta kan furannin wani bawan Allah. Karo na biyu mai jarrabawar ya miƙo mini hannu, ni kuwa na rungume shi.

Ga abin da na shirya. Halvard zai iso a jirgin fito na ƙarfe biyu, ranar Asabar 18 ga Disamba. Zan gangara da motar Ingvald da kaina, in tsaya a bakin ruwa, in bar shi ya fito yana waige-waigen bas, sannan in danna masa ham. Ina so in ga fuskarsa, Torleiv. In ya gan ni a bayan sitiyari, sai in ji da wane baki zai sake cewa ba mai kai ni.

Ba wanda ya sani sai kai. Abin da nake nema a wurinka shi ne, motar ta yi shekara ɗaya da rabi ba ta taka titi ba, ko da yake ina tayar da ita duk Lahadi yadda Ingvald yake yi. Kai ne ka tsufa cikin injuna, gaya mini abin da zan duba. Kada kuma ka ce in kai wa Jostein bakanike. Benci ɗaya suka zauna da Halvard a makaranta, abin da ya shiga kunnen Jostein da safe ya isa Bergen kafin rana ta take.

Yayarka,
Borghild


Rotterdam, 27 ga Oktoba, 1976

Borghild yayata,

Na gaishe ki da kyau. Bayan da sauƙi, wani likita a nan ya ba ni abin ɗaurawa. Allah ya ƙara wa gwiwa sauƙi, ko da yake yanzu na gane gwiwar tana da amfaninta.

A ɗakin inji na karanta wasiƙarki, na yi dariya har mai taimaka mini ya leƙo ya ga ko wani abu ya fashe. Wallahi na yi murna, har na ji idona ya kawo ruwa. Maganar baro kuwa ban janye ba, har yau akwai tabon a ƙafata. Amma na sara miki.

Yanzu ga karatu, kuma ki karanta shi sau biyu. Inji ba ya ɓoye ciwonsa, yana zubar da shi a ƙasa ne. Ki sami farar takarda babba ko kwali ki shimfiɗa a ƙarƙashin injin da yamma, da safe ki ciro ki duba. In kin ga baƙi ko ruwan ƙasa mai kauri, baƙin mai ne. Ɗigo biyu uku a tsohuwar mota ba abin tayar da hankali ba ne, sai dai ki riƙa zaro sandar awo kina dubawa. In ya kai faɗin tafin hannu a kwana ɗaya, to yana neman bakanike. In kore ne ko shuɗi, mai ƙanshin zaƙi, ruwan lagireto ne. Ki goge shi nan take, kada karenki Tass ya lasa, don zaƙinsa yana jan dabba kuma guba ne. In ja ne, daga giya yake. In ruwa ne garau mara wari, ƙanƙara ce ta narke daga jikin motar, ki manta da shi.

Guda ɗaya ne ba a wasa da shi. Ki riƙa leƙa ƙasa kusa da kowace taya. In kin ga wani mai rawaya-rawaya, mara kauri, mai santsi a yatsa kamar man girki, man birki ne, kuma ko ɗigo ɗaya ne kada motar ta motsa daga inda take. Hanyarku kin fi ni saninta. Kwanar hanya bakwai ce a gangaren da ke tsakaninki da teku, kuma a ta huɗu ba abin da zai tare ki sai ruwa. In kuwa ƙasa a bushe take mako biyu a jere, ki sa hularki ki tafi da albarkata.

Da son raina ne da Jostein ya leƙa ƙarƙashinta sau ɗaya, amma na san ki, in kin kafe ko da jirginmu aka ɗaure ki ba za a ja ki ba. Sirrinki yana nan a ƙirjina.

Jibi za mu tashi zuwa Santos, da tsayawa biyu a hanya. Ba zan ga wasiƙa ba sai farkon Disamba, saboda haka ki aika can, ta hannun wakilin kamfani. In da hali ki ajiye mini rabona na busasshen haƙarƙarin ragon Kirsimeti, ko da sai Fabrairu zan ci.

Ƙanenki,
Torleiv


Tveitlia, 14 ga Nuwamba, 1976

Torleiv,

Ina gaisuwa. Muna lafiya ni da Tass, dusar ƙanƙara ta farko ta sauka ranar Laraba amma ba ta zauna ba. Haƙarƙarinka yana rataye, na ɗaura masa jan zare don kada in manta in cinye.

Na bi karatunka, Malam. Na yanka tsohon zanen tebur na takarda na shimfiɗa a ƙarƙashin inji. Kwana goma sha ɗaya ke nan, ɗigo biyu kawai na baƙin mai, ƙanana kamar ƙwayar wake. Kusa da tayoyi kuwa na durƙusa da gwiwar nan tawa na leƙa kowace safiya, ƙasa a bushe ƙamas. Motar Ingvald ta fi mu lafiya ni da kai.

Ina gwaji kullum. Ina fito da ita da ribas, in zagaya farfajiya sau biyar, in mayar. Ranar da ake ruwa kuma sai in zauna a cikinta ba tare da na tayar ba, in yi ta taka kuloci da birki don ƙafata ta saba, wani lokaci har sau ɗari. Birkinta ya fi na motar makaranta daɗin takawa nesa ba kusa ba. Na makaranta tauri gare shi, wannan kuwa laushi, yana tafiya har ƙasa a hankali, in na taka na biyu sai ya kama. Na saba da halinta, ita ma ta saba da nawa.

Yanzu ga labari mai daɗi, wanda ya ma fi na motar. Ka tuna maƙwabcina Ottar na gangare, da ragon nan nasa da ya ci kyauta a baje-kolin dabbobi? Shekara tara ke nan tun rigimar shinge da suka yi da Ingvald bai yarda ragonsa ko ɗaya ya kusanci tumakinmu ba. To, ranar Litinin na sauka ba su ciyawa na tarar da ƙofar ƙasa a buɗe, sakatar nan ta sake zamewa. Ina dubawa sai ga tunkiya uku da alamar rawaya a baya. Ka san Ottar yana shafa wa ragonsa fenti a ƙirji lokacin barbara, don ya gane wadda aka haye. Ragon ya tsallake masa ya zo mini ziyara, Torleiv. Kyauta, har gida. Na tsaya a tsakiyar tumaki ina ta dariya ni kaɗai. Da watan Afrilu zan sami 'ya'yan ragon Ottar, in kuma kai su baje-koli in tsaya kusa da shi.

Ka ga ke nan ba na barin dutsen nan. Wa zai bar jikokin zakara ya tafi Bergen ya zauna kallon bango?

Halvard ya bugo tarho gidan Ottar ranar Lahadi, tun da har yau layi bai iso mini ba, na gangara na amsa. Ya ce ɗakin yana da baranda. Na ce masa madalla. Saura kwana talatin da huɗu.

Yayarka,
Borghild


Tveitlia, 24 ga Nuwamba, 1976

Torleiv,

Gaisuwa kuma. Na san kana tsakiyar teku ba za ka amsa ba, amma cikina ya cika, in ban rubuta ba zan gaya wa wani.

Masu alama sun zama shida. Na ƙulle sakata da waya, amma ɗan banzan ragon yana da wata hanya da ban gano ba. Abin da ya ba ni mamaki, waɗanda ke cin ciyawa a kwamin kusurwar gabas kawai yake nema, kuma ba shi da tsari, wata a kafaɗa, wata ma a ka. Fentin Ottar na bana kuma ba shi da kyau, ba ya bushewa, in ka taɓa sai ya bi yatsa da santsi.

Jiya na kasa daurewa, na tsaya a shingensa na ce, "Ottar, ka gaida mini ragonka, ka ce na gode da ɗawainiya." Ya dube ni kamar na zare. Ya ce ragonsa yana kulle tun farkon wata, kuma shi bana shuɗi yake shafawa. Na ce, "To, ai ba kai za ka faɗa ba." Ƙarya yake yi, baƙin ciki ne ke cinsa.

Na manta ban gaya maka ba, rumfar mota ta rufta tun ƙanƙarar bara, sai lokacin Ista Halvard ya bi ta tudun da ake shigar da ciyawa ya hau da ita benen rumbu, wanda tumaki ke kwana a ƙasansa. Ta ma fi jin daɗi a can, ɗumin tumaki yana hawowa ta ƙasa, tana tashi bugu ɗaya. Na sayi sabon safar hannu na fata don ranar. Saura kwana ashirin da huɗu.

Borghild


Santos, 6 ga Disamba, 1976

Borghild,

Ina lafiya, kuma ina roƙon Allah ya sa ke ma lafiya kike a daidai wannan sa'a. Wasiƙunki biyu sun iso mini tare yau da safe. Ta farko na karanta ina dariya har na zo kan birki mai laushi, sai dariyar ta tsaya. Ta biyu na karanta a tsaye.

Laifina ne. Duk abin da na rubuta miki, na rubuta ne ina ganin motar a rumfa, a kan siminti. Ban san tana saman rumbu ba. Borghild, katakon saman rumbun nan ni da ke muka girma a kansa. Tsakanin katako da katako yatsa yana shiga. Abin da ya ɗigo daga wajen tayar baya ba zai tsaya ya jira ki gani ba, wucewa zai yi ƙasa. Me ke ƙasan inda motar take? Kwamin kusurwar gabas. Ba rago ne ke ziyartar tumakinki ba, man birki ne ke zuba a kansu, kuma duk takawa ɗarin nan da kike yi matse shi waje kike yi. Birkin da sai an taka sau biyu ya kama, wata rana za ki taka sau goma bai kama ba.

Wannan wasiƙa za ta yi kwana goma ko sha biyu a hanya, wataƙila ta iso bayan ranar. Na kuma san halinki, kina iya cewa bari ki gwada gangaren tun kafin nan. Saboda haka na hau wurin mai rediyon jirgi na aika da wayar telegiram. Na san ta tarhon Ottar za a karanta ta, na san abin da hakan ke nufi ga sirrin da na ce yana ƙirjina. Na yi kusan awa ɗaya a bakin ƙofar ina juya abin, sannan na shiga.

Ki yi fushi da ni yadda kike so. Ki kira Jostein ya zo da motar jan mota, kada ki ce za ki kai masa da kanki. Ki kuma aske ulun da man ya taɓa, kada su lashi juna.

Ƙanenki da ya tona ki,
Torleiv


Tveitlia, 9 ga Disamba, 1976

Torleiv,

Lafiya nake, tun da abin da kake son ji ke nan. Gaisuwar kuwa ka jira ta, ban gama fushi ba.

Shekaranjiya ina wankin kwanuka sai ga Ottar ya hawo yana haki, da 'yar takarda a hannu. Shekara tara bai taka farfajiyata ba. Ya tsaya a bakin ƙofa ya gyara murya ya karanta kamar limamin coci: "KADA KI TAƁA MOTA. BA RAGO BA NE. BIRKI NE. KIRA JOSTEIN. TORLEIV." Ya maimaita "ba rago ba ne" sau biyu, wai ko ban ji ba. Da ƙasa za ta tsage da na shige. Na ce masa ƙanena ya daɗe a rana, ƙwaƙwalwarsa ta dahu. Ya ce shi dai tun watan jiya yake jin mota tana zagaya gidana kamar saniyar da aka ɗaure a turke, ya ɗauka fatalwar Ingvald ce.

Ban gane maganarka ba sai da na sauka wurin tumaki na tsaya a kwamin gabas na ɗaga kai. Ga tayar baya ina hango ta ta tsakanin katako. Na ɗauko farin faranti na riƙe, na ce wa Ottar ya hau ya taka birki. Ɗigo uku suka sauka a farantin, rawaya-rawaya, masu santsi. Muka buɗe gaban mota, ya nuna mini ɗan gwangwanin man birkin. Abin da ya rage a ciki bai kai cokali biyu ba. Na zauna a kan damin ciyawa. Ban gaya maka ba, na shirya gwada gangaren ranar Lahadin nan.

Zan faɗa maka gaskiya. Ottar ya ce yana da ragowar man birki na tarakta a gida. Ya ce in an cika gwangwanin, aka tafi a giya ta ɗaya, ƙila ta kai ni ƙasa sau ɗaya, shi kuma ya yi alƙawari ba wanda zai ji daga bakinsa. Na so abin, Torleiv. Na so shi ƙwarai. Na yi yini guda ina kai-kawo tsakanin rumbu da kicin, ina ganin fuskar Halvard a bakin ruwa. Sai na tuna ba gangarawa kaɗai zan yi ba, zan ɗauko shi ne a cikinta, kuma hanyar coci ranar Kirsimeti ma gangare ce.

Jiya da safe na je gidan Ottar na buga wa Jostein da bakina. Ya zo da motar ja, ya kwanta a ƙasa ya fito da guntun bututu da tsatsa ta cinye, ya murƙushe shi da yatsa biyu a gabana. Ya ce robobin tayar baya ma sun mutu, kuma irin na wannan tsohuwa sai daga Bergen, ba lallai su iso kafin Kirsimeti ba. Na roƙe shi ya yi shiru. Ya ce to, amma bai kalle ni ba.

Shi ke nan, an gama da ni. Halvard zai ji cewa uwarsa ta kusa zubawa teku da mota, kuma ba abin da zai fi wannan ƙarfafa masa baki. Ba rago, ba mota, ba sirri. Na fara kallon kayan ɗaki ina tunanin wanne zai shiga ɗaki mai baranda. Raina ya ɓaci ƙwarai, kuma ina so ka sani.

Borghild


Tveitlia, 29 ga Disamba, 1976

Ƙanena Torleiv,

Ga gaisuwar da na riƙe maka, har da ta Kirsimeti. Wasiƙarka ta Santos ta iso ranar 20, na karanta na yafe maka, ko da yake na cinye rabin haƙarƙarinka tun ina cikin fushi. Yaya baya? Ni gwiwa ta yi shiru kwana biyu.

Ranar Asabar ɗin na gangara, amma a bayan taraktar Ottar, zaune a kan damin ciyawa cikin kwat ɗina ta coci. Jirgi ya iso, mutane suka fito, sai ga Halvard da jaka a hannu ɗaya, ɗaya hannun kuma riƙe da wani dogon abu siriri a naɗe cikin takarda, da ƙaramin kwali a hammata. Jostein ya riƙe bakinsa kwana biyu cur, daga nan ya ga hanyar da ta fi sauri a kawo kayan birkin ita ce mutumin da ke tahowa daga Bergen.

Bai ko gaishe ni ba. Ya ce, "Mama, wata nawa kina yi mini ƙarya?" Na ce, "Takwas." Ya ce, "Gashin gwiwa ko?" Na ciro lasin na miƙa masa. Ya duba gaba ya duba baya, ya mayar mini, ya hau bayan tarakta. Har muka iso gida Ottar yana ta fito da baki.

Kwana biyu yana cin abincina yana kumbure-kumbure. Ranar Litinin ya sauka gareji ya yini tare da Jostein, ya dawo hannunsa baƙi. Ranar Laraba Jostein ya hawo da motar, birki ya yi tauri kamar na makaranta. Aka ci Kirsimeti, takardun Bergen suna kan akwatin rediyo a cikin ambulan, ba wanda ya taɓa su. Duk sa'ad da na wuce ta wurin sai in kau da kai.

Jiya ce ranar komawarsa. Na sa safar hannuna na ce ya shiga. Ya tsaya yana kallon motar, yana kallona, sannan ya ɗauko ambulan ɗin ya sa a aljihu ya shiga. Torleiv, na tuƙa. Giya ta biyu, a hankali, hanya an zuba mata yashi. Ya riƙe kujera da hannu biyu. Da muka zo kwana ta huɗu na taka birki na tsayar da ita cak, muka zauna muna kallon teku a ƙasa. Ban san abin da ya sa na yi haka ba, so nake dai ya gani.

Nan ya yi magana. Ya ce Ottar ya gaya masa zancen man tarakta. Ya ce, "Da Baba ne da ya cika gwangwanin ya yi shiru ya gangara. Shekara guda yana ɓoye mana ciwon ƙirji har ya faɗi a gona. Ni ba nisan kanti nake tsoro ba, Mama. Tsoro nake ranar da wani abu zai same ki ki yi shiru." Ya ce, "Amma ke kin kira Jostein, kin kuma san zai gaya mini." Na yi ta gyara safar hannu. Ɗan da nake gani kamar mai son kwashe ni ya ajiye a kabad, ashe tun mutuwar ubansa a firgice yake, ni kuwa ban lura ba.

A bakin ruwa ya kafa mini sharuɗɗa kamar alƙali. Za a ja mini layin tarho ko da zai kwana a ofishinsu. Jostein zai duba motar sau biyu a shekara. Za a gyara rumfa a mayar da ita kan siminti. Na ce na yarda da duka, har na ƙara masa da cewa zan daina ƙarya in ba ta zama dole ba. Ya yi dariya, karon farko tun zuwansa. Jirgi ya yi kuka, ya rungume ni ya shiga. Ambulan ɗin yana aljihunsa, bai ciro ba, ni ma ban tambaya ba.

Na hawo ni kaɗai, na sha kwanar nan bakwai duka, ina waƙa da ƙarfi tun daga ƙasa har farfajiya. Gobe zan je kanti, ba don ina bukatar komai ba.

Ka ci gaba da aiko wasiƙunka nan Tveitlia. Ina nan.

Yayarka,
Borghild